Faifan da Baba Ya Hana a Buɗe

A gidanmu akwai faifai dubu huɗu da 'yan kai, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin kiɗa ya tashi a falonmu ba. Baba ya ce allura cin faifai take yi. Duk zagayen da ta yi sai ta kankare wani abu da ba zai dawo ba har tashin duniya. Saboda haka, in ji shi, mai son kiɗa tsakani da Allah ba ya saurare, dubawa yake yi.

Sunana Nives, shekaruna goma sha tara, kuma ni ce sakatariyar Ƙungiyar Masu Adana Faifai ta garinmu Casalmaggiore. Ba zaɓena aka yi ba. Wata rana ce Baba ya leƙo ɗakina ya same ni da littafi, ya ce tunda ba ni da aiki sai karatu, in zo in riƙa rubuta abin da manya suke faɗa. Ban yi musu ba. Ni ko a shago aka miƙo mini burodin da ba shi na nema ba, godiya nake yi in tafi da shi.

Su bakwai ne, duk maza, duk sun yi furfura, ban da waɗanda sanƙo ya hutar. Kowace Lahadi bayan abincin rana suke haɗuwa a falonmu, Mama kuwa ta ɗauki jakarta ta tafi gidan ƙanwarta. Abin da ya haɗa su shi ne kiɗan da suke kira prog, wanda samarin Italiya masu dogon gashi suka yi wajen shekarun 1970, inda waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai gaba ɗaya, a kai minti goma ana ta kaɗe-kaɗe mawaƙin bai buɗe baki ba. Haka dai aka faɗa mini. Su sa farar safar hannu, su zaro faifai, su karkata shi wajen taga, su karanta 'yan lambobin da aka kartsa kusa da ramin tsakiya, su yi ajiyar zuciya, su mayar. Ni kuma in rubuta, "An duba faifai. An gamsu."

Ƙungiyar tana da dokoki goma sha ɗaya, amma biyu ne suke aiki. Ta farko, faifan da yake cikin ledarsa ta kamfani ba a buɗe shi, ko gobara ake yi. Ta biyu, wanda ya mallaki faifan da ya fi wuyar samu shi ne Shugaba. Da wannan doka ta biyu Babana Ermete, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya shekara ashirin yana shugabanci.

Faifan nasa na wasu samarin garinmu ne su biyar da suka kira kansu Il Granaio di Vetro, wato Rumbun Gilashi. Sau ɗaya suka taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya, a 1973, aka buga kwafi ɗari biyu, kamfanin ya rushe kafin shekara ta zagayo. Yanzu uku ne aka san suna duniya. Ɗaya yana Japan cikin ma'ajiyar banki, ɗaya ya tsage biyu, na uku kuma yana falonmu cikin akwatin gilashi mai makulli, a cikin ledarsa, allura ba ta taɓa shafar sa ba. Ko ni ba a yarda in matsa kusa da shi ba. Baba ya ce numfashi ma yana da danshi.

Wanda ya tabbatar da ingancinsa shi ne Farfesa Gualtiero. Awon filaye ya yi har ya yi ritaya, kuma babu wanda ya san inda aka ba shi farfesancin, amma babu mai tambaya, don yana da madubin duba lambobi mai marfin azurfa. Sau ɗaya a shekara ake fito masa da faifan. Ya kai shi hanci, ya lumshe ido.

"Kun ji?" yakan ce. "Ƙanshin kamfani ke nan. Milano, 1973. Yanzu ba a yin leda mai irin wannan ƙanshin."

Sauran su gyaɗa kai, har da Achille mai kemis, wanda kowa ya san ya daɗe yana harin kujerar Baba da wani faifansa da aka manna wa takarda a juye.

Mai busa sarewa a cikin samarin nan biyar shi ne Tullio, mijin Goggo Ombretta, yayar Baba. Ya rasu kafin a haife ni. Goggo tana da shagon cuku a bayan coci, inda nake taya ta aiki ranar Asabar, kuma ita ce take kawo wa ƙungiya yankin cuku duk Lahadi, ta ajiye a kicin ta wuce ba ta ko leƙa falo. Rannan sai ta leƙa. Ta shigo har tsakiya da rigar sanyinta, ta tsaya a kan kafet ɗin da ba a hawa da takalmi.

"Ermete, wurinka na zo."

"Yaya, muna cikin taro."

"Me ka ce?"

"TARO MUKE YI!"

"To ai gara, kowa ya ji. Na je wurin likita ranar Alhamis. Kunnen hagu ya riga ya tafi, wannan ka sani. Na daman ma ya ce kada in sa rai zai kai bikin Ista." Ta nuna akwatin gilashin da haɓa. "Ina so in ji sarewar Tullio sau ɗaya kafin a rufe mini ƙofa. Sau ɗaya kawai. Daga nan ka mayar da abinka."

Farfesa ya cire tabarau ya mayar. Wani ya yi tari. Baba ya dubi yayarsa, ya dubi akwatin, kunnuwansa suka yi ja.

"Yaya, ai ba a mayarwa. In aka buɗe an buɗe ke nan."

"To a buɗe mana."

"Allah ya sawwaƙe!" in ji Farfesa, ya dafe ƙirji. "Uwargida, da girmanki? Wannan fa ba na Shugaba ba ne shi kaɗai. Na tarihi ne."

"Tarihin nan ni na riƙa wanke masa safa shekara ashirin da biyu," in ji Goggo.

Achille ya kawo shawarar a kafa kwamiti, kowa ya yi na'am, don kwamiti yana ba mutum mako guda. Aka ce Farfesa zai kawo rahoto Lahadi mai zuwa a jefa ƙuri'a. Goggo ta ce to, ta fita. Na rubuta, "An karɓi buƙata. An kafa kwamiti." Na danna biron har ya huda takardar.

Ranar Talata Farfesa ya aiko mini da rahoton in buga masa shi, shafi goma sha huɗu, duk a kan ledar. Ashe babbar hujjarsa ba ƙanshin ba ce. A bakin ledar, inda zafin inji ya liƙe ta, layin yana tafiya sumul har sai saura yatsa uku ya kai kusurwa, sai ya katse, ya bar wani ɗan ƙulli mai kama da ƙwayar shinkafa, sannan ya ci gaba. Farfesa ya raɗa masa suna hatimin Milano. Ya ce ma'aikatan kamfanin ne suke barin sa da gangan don tona asirin masu jabu, kuma rashin ganinsa a kan wani faifai a duniya shi ne shaidar cewa sauran duk na jabu ne. Ya haɗo da hoto da aka ƙara wa girma. Kwana uku ina kallon ƙwayar shinkafar nan har na haddace ta.

Ranar Asabar da safe ina shagon Goggo, wata mata ta sayi yankin cuku ta ce a naɗe mata da kyau don tafiya za ta yi. Na ɗora shi a kan tsohon injin da ke bayan kanta, na ja leda, na danna hannun injin, wayar ta yi zafi ta liƙe bakin. Na yi haka ya fi sau dubu a rayuwata ban taɓa dubawa ba. Rannan na duba. Layin yana tafiya sumul, saura yatsa uku ya kai kusurwa ya katse. Ga ƙwayar shinkafa.

Na miƙa wa matar cukunta, ban san ko na gaishe ta ba. Da ta fita na naɗe wani yankin da ba wanda ya saya. Ƙwayar shinkafa. Na naɗe cokali. Ƙwayar shinkafa.

"Ke, lafiya kike ɓarnar leda?" in ji Goggo.

Matsalar ita ce sirri ne nake son faɗa, ita kuma ba ta jin magana sai an ɗaga murya, ni kuwa ko a aji ba a taɓa jin muryata daga benci na biyu ba. Na rufe ƙofar shagon, na zagaya ta kunnen dama.

"Goggo, ledar faifan Baba."

"Wa ya yi baƙo?"

"LEDAR FAIFAN BABA! INJIN NAN NE YA LIƘE TA!"

Ba ta ko firgita ba. Ta goge wuƙa a jikin rigar aikinta, ta jawo kujera ta zauna.

"Yo wa zai liƙe ta in ba shi ba? Ni na naɗe shi da hannuna. Shekarar da kogin Po ya cika ya shigo mana har kicin, na ga danshi zai cinye kwalin faifan, na kawo shi nan na naɗe shi tare da takardar aurenmu da hotunan mahaifiyarmu. Wayar injin ce take da tsaga a wurin, tun ranar da aka kawo shi haka yake."

"TO ME YA SA BA KI FAƊA BA?"

"Ki rage ihu, na ji ki." Ta juya wuƙar a hannunta. "Da Tullio ya rasu ba na son ganin kayansa, na tattara su a kwali na ba ubanki. Washegari sai ga shi a guje, ko hula babu, yana haki, wai Yaya kin san abin da kika ba ni? Ke ba ki san shi a lokacin ba. Mutum ne da yake zama bayan gilashi yana buga hatimi a wasiƙa, ko gaisuwa ba a yi masa sai an ga dama. Mako bai cika ba wannan mai madubin ya zo ya sunsuna, aka fara ce masa Shugaba. Ni na goya yaron nan, Nives. Na ce bari ya ɗan ji daɗi wata guda, sai in faɗa masa. Wata gudan ne ya zama shekara ashirin."

"Amma kunnenki..."

Wannan a hankali na faɗa, amma ta gani a bakina.

"Na roƙa a gaban mutane don in ba shi dama ya buɗe da kansa, a ce Shugaba ya yi abin kirki. In ya ƙi, shi ke nan. Ai na san waƙar." Ta nuna ni da wuƙar. "Kada ki kuskura in ji maganar nan a bakinki. Kin ji ni ko?"

Na ce na ji.

Ranar Lahadi da safe na yi niyyar samun Baba shi kaɗai, don a ganina in a ɓoye na faɗa masa ban karya alkawari sosai ba. Na tarar da shi yana goge safar hannunsa da dutsen guga, yatsa bayan yatsa. Na tsaya a ƙofa na shirya jimlar a raina sau huɗu.

"Baba, akwai wata magana a kan..."

"Kin buga rahoton Farfesa?"

"Na buga."

"Kwafi bakwai?"

"Bakwai."

"Madalla, 'yar albarka. Me kike cewa?"

"Ba komai."

Ƙarfe uku aka zauna. An ba Goggo kujera a gefe, ta ajiye cukun Lahadi a kan ɗan teburin kusa da ita bai fita daga ledarsa ba. Farfesa ya miƙe ya karanta shafi goma sha huɗun nan ba tare da ya tsallake ko waƙafi ba. Goggo ba ta ji ko kalma ba, ta zauna tana kallon bakinsa kamar mai jiran mota. Aka jefa ƙuri'a. Shida suka ce kada a buɗe. Baba a matsayinsa na Shugaba bai jefa ba, ya ƙura wa kafet ido.

"Sai dai fa," in ji Achille, yana murza gashin baki, "mu ba marasa tausayi ba ne. Kwamiti ya yi tunanin wata mafita."

Mafitar ita ce za a fito da faifan daga akwati, Goggo ta sa safar hannu, a ba ta izinin kara shi a kunnenta na dama na tsawon minti ɗaya. Farfesa ya ce wannan alfarma ce da ko 'yan ƙungiya ba su taɓa samu ba, kuma mai zuciya yana iya jin kiɗa ta cikin kwali.

Na ɗauka za ta zage su. Na so ta zage su. Sai ta dubi ƙanenta, wanda har yanzu bai ɗago kai ba, ta miƙa hannu aka sa mata safar. Baba ya buɗe akwatin da makullin da ke wuyansa. Ta karɓi faifan da hannu biyu, ta kara shi a kunne, ta rufe ido. Farfesa yana duba agogo. Maza bakwai suna kallon tsohuwa tana sauraren leda.

Ban san lokacin da na tashi ba. Littafin taro ya faɗi ƙasa. Na ɗauki yankin cukun daga ɗan teburin, na je na dangwarar da shi a gaban Farfesa, a kan shafi na tara inda hoton yake.

"Farfesa," na ce, muryata tana fita kamar ta ɗan tsako, "don Allah ka duba wannan da madubinka."

"Nives!" in ji Goggo.

"Yarinya, cuku ne wannan."

"Bakin ledar. Yatsa uku daga kusurwa."

Ya duba ne don ya kunyata ni, na gani a fuskarsa. Ya buɗe marfin azurfa, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Achille ya leƙa ta kafaɗarsa, ya karɓi faifan daga hannun Goggo ya ajiye kusa da cukun, kusurwa da kusurwa.

"To fa!" in ji Achille. "Jama'a, cukun ma daga Milano yake."

"A'a, a'a, ku dakata," in ji Farfesa, gumi yana tsattsafo masa. "Wannan ma ƙarin hujja ce. A fili yake. Da kamfanin ya rushe an yi gwanjon injunansa, ɗaya ya faɗo hannun mai cuku..."

"Me yake cewa?" in ji Goggo.

"WAI INJINKI NA KAMFANIN FAIFAI NE!" Ni ce na faɗa, a gaban mutum bakwai, har gilashin akwatin ya amsa.

"Injina? Sabo fil na saye shi a Parma, shekara goma sha biyar bayan an buga faifan. Takardarsa tana nan a shago."

Achille ya kai faifan hanci, ya kai cukun hanci, ya sake kai faifan. Dariya ta ƙwace masa har da buga cinya. "Ƙanshin Milano! Shekara ashirin muna sunsunar cukun Ombretta muna lumshe ido! Farfesa, Allah ya ƙara basira!"

"Kai ma ai ka lumshe!"

"Ni mura nake yi duk shekara, bin ku kawai nake!"

Baba ya jira hayaniyar ta lafa. Ya zagayo ta kunnen dama na yayarsa, bai yi ihu ba, amma ya matsa sosai.

"Yaya, gaskiya ne?"

"Ruwa ne ya shigo, Ermete. Danshi nake gudu."

"Shekara ashirin?"

"Ka ga kana jin daɗi."

Ya tsaya yana kallon ta. Sannan ya dube ni, wani irin kallo da har yau ban gama fassara shi ba. Ya cire safar hannunsa, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Ya ɗauki wuƙar cuku daga faranti.

"Shugaba, doka ta farko!" in ji wani daga baya.

"Dokar ta ce ledar kamfani," in ji Baba. Ya tsaga ta.

Wani ƙanshin tsohon cuku ya cika falon. A cikin kwalin, inda ba a iya gani ta leda, akwai zoben kofin kofi. Da Baba ya zaro faifan wata 'yar takarda ta faɗo, da rubutun fensir, "Ombretta, gishiri ya ƙare." Faifan kansa kuwa, wanda allura ba ta taɓa shafa ba, ya yi fari-fari don shan allura, duk jikinsa karce. Kusa da ƙarshen fuska ta farko akwai wani zobe da ya fi ko'ina koɗewa.

"An kashe shi," in ji Farfesa cikin raɗa. "Wane azzalumi ne ya yi wannan?"

"Mai shi," in ji Goggo, wadda ta karanta bakinsa. "Nan ne wurin sarewarsa. Kullum sai ya ɗaga allura ya mayar nan, har maƙwabta suka kai ƙara."

Sai aka zo ga garmaho. Akwai shi a falon, a ƙarƙashin wani farin mayafi, mai tsada ne ƙwarai, amma a cikin masana bakwai babu wanda ya tuna yadda ake kunna shi. Ɗaya ya danna wani maɓalli faifan ya juya da gudu kamar fanka. Wani ya ce a nemo littafin bayani. Goggo ta ture su, ta cire safar da haƙori, ta daidaita gudun, ta hure allurar, ta ɗora ta a bakin faifan.

Wannan ne karo na farko da na ji prog. An fara da ƙarar iska da ƙararrawa. Sai ogan irin na coci ya shigo kamar zai rushe rufi, ganga ta biyo shi tana tuntuɓe, ba ta taɓa sauka inda ƙafar mutum take tsammani. Can wani ya yi ihu a kan wani agogo da ya nutse a rijiya, ya yi shiru, ogan ya dawo. Ban san ko yana da daɗi ba. Na dai san gashin hannuna ya miƙe. Na waiga in ga yadda masoyan suke ji, na tarar biyar sun taru a kan kwalin suna gardamar ko zoben kofin yana rage daraja ko yana ƙarawa, tunda na mai sarewar ne.

Goggo ta durƙusa a kan kafet ta manna kunnen dama a jikin lasifika. Ni dai idona yana kan allurar tana matsowa kusa da koɗaɗɗen zoben nan. In Tullio ya riga ya cinye sarewarsa da kansa fa? Da na tona asirin Baba a banza ke nan.

Allurar ta shiga zoben. Ƙara ta tashi kamar ana soya ƙwai a mai mai zafi, ba ka jin komai sai ita. Goggo ta ƙara danna kunne. Baba ya miƙa hannu ya murɗa sautin har ƙarshe. Daga can ƙasan suyar sai ga wani siririn abu yana hawa, yana sauka, ya tsaya, aka ji mutum ya ja numfashi, ya sake hawa. Bai fi daƙiƙa arba'in ba. Daf da ƙarshe sautin ya ɗan zame.

"Ga shi nan!" in ji Goggo da ƙarfi. "Kullum a nan yake kuskure. Sau nawa na ce masa ya ja numfashi tun kafin nan!" Hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a kafet ɗin da ba a hawa da takalmi. "Ermete, mayar."

Baba ya ɗaga allurar da yatsunsa tsirara ya mayar da ita farkon zoben.

"Shugaba, kana ƙara cin sa!" in ji Farfesa.

"Na sani," in ji Baba. Sau shida ya mayar.

A taron da ya biyo baya aka yi aiki da doka ta biyu, Achille ya zama Shugaba da faifansa mai takarda a juye, aka koma haɗuwa a bayan kemis ɗinsa. Farfesa bai yi kwana goma ba ya fito da sabon rahoto, shafi ashirin da biyu, yana bayanin cewa faifan da matar mai sarewa ta naɗe da hannunta guda ɗaya ne tak a duniya, don haka buɗe shi da aka yi asara ce da ta fi ta farko. Tun daga nan kusan kowace Asabar sai wani daga cikinsu ya shigo shago da faifai a ƙarƙashin riga, ya jira mutane su ragu, ya roƙi Goggo ta ɗan danna masa a inji. Takan ce ba ta ji.

Baba ya kwana tara bai yi mini magana ba. In yana son gishiri a tebur sai ya ce wa Mama ta ce wa sakatariya ta miƙo. Ni ma ban iya haɗa ido da shi ba, na koma cin abinci da littafi a gabana. Rana ta goma ya ƙwanƙwasa ƙofata.

"Zo ki kama mini lasifika. Kar ki yar."

Muka ɗauki garmahon a ƙafa har bayan coci, shi a gaba ni a baya, mutane suna kallo. Yanzu yana kan kanta tsakanin ma'auni da injin leda. Kullum in an rufe shago don hutun rana Baba yakan zo, ya sa faifan, ya tsallake iska da ƙararrawa da agogon rijiya, ya sauke allura a kan zoben. Suyar tana ƙaruwa, sarewar tana raguwa, kunnen Goggo ma haka, ban san wanda zai riga ƙarewa ba. Ista dai ta wuce da mako uku. Jiya ina yanka cuku na ji shi yana tambayar ta da iyakar muryarsa.

"YAYA, KINA JI KUWA?"

"Da ka rufe bakinka da na ji," in ji ta. "Mayar."